Kabewar da Ta Buɗe Gwamnati

Duk wanda ya ce maka 'yan majalisar jiharmu sun buɗe gwamnati bara saboda tausayin ma'aikata, ka ce masa Marlys Dombek ta ce ƙarya yake yi. Ni ce sajan majalisa, ni ke riƙe da makullin ƙofa da sandar da ake ajiyewa a gaban kakaki, kuma a kan idona aka yi komai. Kabewa ce ta buɗe gwamnati.

Da shigowar kaka abin ya faro. Shekarar kuɗi ta ƙare, majalisa ba ta amince da sabon kasafi ba, sai asusun gwamnati ya rufe ruf. Aka sallami ma'aikata gida babu albashi, aka garƙame ofisoshi da wuraren shaƙatawa. Mu da aka ce aikinmu ba ya tsayawa, aka ce mu ci gaba da zuwa, a biya mu ran da aka shirya. Kujerun majalisa kuwa sun rabu biyu cif, rabi suna son kasafin, rabi sun ce sai an zaftare shi, kuma a dokarmu in ƙuri'a ta yi kunnen doki ƙudiri ya faɗi ke nan.

Cikin masu neman a zaftare babu kamar Wendell Sorum, wakilin ƙauyukan da ke can kusa da iyakar Kanada. Manomi ne da ya haura saba'in, dogo, mai manyan kunnuwan da ba sa jin komai sai muryarsa. Tun ranar farko ya miƙe ya ce tunda an kora ma'aikata gida, bai kamata ɗan majalisa ko ɗaya ya kwana a gadonsa ba, a kulle ƙofa sai an yi kasafi. 'Yan jarida suna sama suna kallo, wa zai ce a'a? Aka amince. Kafa ɗaya aka bari: wanda fita ta kama shi dole, sai ya samo mutum daga ɗaya ɓangaren su fita tare su dawo tare, don kada a yi wa wani ɓangare ƙuri'a a bayan ido, kuma sajan ta raka su. Bai tsaya nan ba. Don ya ja lokaci, ya nemi akawun majalisa ya karanta kasafin duka da baki, daga bango zuwa bango, kafin a sake jefa ƙuri'a. Doka ta ba kowane wakili wannan dama, sai dai mai hankali ba ya taɓa ta, don kasafin ya fi bulo kauri. Ya zauna yana murmushi, 'yan ɓangarensa suna bubbuga masa kafaɗa.

Ni na ja ƙofar na murza makulli, kuma ba zan ɓoye ba, ƙarar ta yi mini daɗi. Masu dafa abinci an sallame su, masu shara haka, har mai wankin tawul. Aka kawo gadajen naɗewa irin na sojoji aka jera a ofisoshi. Kafin ka ce me, manyan mutane sun koma 'yan makarantar kwana. Shugaban kwamitin kuɗi yana wanke safarsa a wurin wanke hannu, wata mai shirin takarar gwamna tana jibgar injin sayar da biskit da takalmi. Iyalai kan kawo kwanon dankali da nama bakin ƙofa, in karɓa in miƙa ciki, wanda ya yi ƙamshi in cire ladan gadi. A zaure kuwa akawu, bawan Allah, yana ta karanto kuɗin fentin gadoji da na gishirin narkar da ƙanƙara a titi, mutum uku suna gyangyaɗi a gabansa.

Wata safiya ina shan kofi a bakin ƙofa sai ga Wendell, hula a hannu. Shekara da shekaru nake ganin mutumin nan, ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar karena, ni da ba ni da kare, sannan ya ce ko ƙaramar ƙofar nan ta bayan gini ita ma a kulle take.

Na ce, "Yallaɓai, kai ka kawo dokar, ni makulli kawai aka ba ni. Me ya faru?"

Ashe a garinsu, Ostby, duk kaka ana gasar manyan kabewa, irin waɗanda sai da motar ɗaga kaya ake motsa su, kuma wanda ya ci ana ƙona sunansa da ƙarfe a wani allon katako da ke rataye a zauren gari. Matarsa Bernice ta yi rabin rayuwarta tana neman hawa allon nan. Kullum ta biyu take zuwa, kullum a bayan wani likitan haƙori mai suna Kleppe, Wendell kuwa sai dai ya yi mata dariya ya ce ɓarnar taki ce. A shekarar, da ƙanƙara ta narke, ta shuka iri ɗaya a kofi a bakin tagar ɗakin girki, ta rasu kafin ya yi fure. Shi ya dasa shi a gona, ya yi ta ban ruwa, in sanyi ya sauko ya lulluɓe kabewar da bargon Bernice. Da sunanta ya shigar da ita gasar, kuma Asabar mai zuwa ake awo.

"Ba don kaina ba ne, Marlys," in ji shi. "So nake in shiga zauren nan in ga sunanta a jikin katakon, ko sau ɗaya ne."

Tausayinsa ya kama ni, amma haushinsa bai sake ni ba. Na ce ƙofar baya dai ba zan buɗe ba, ya je ya nemo abokin fita.

Ya bi 'yan ɗaya ɓangaren ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ƙafarsa na ciwo, wancan ya ce shi karatun akawu ke masa daɗi, ba ya so ko shafi ya wuce shi. Har ya rage saura Yolanda Pruitt, wakiliyar tsakiyar birni, tsohuwar shugabar makarantar sakandare, gajera mai baki kamar reza, wadda ba ta rabuwa da saƙar ulu. Ita da Wendell sun yi shekaru ba su yi wa juna magana ba, tun ranar da ta ce a mazaɓarsa shanu sun fi masu ƙuri'a yawa, sun kuma fi wakilinsu iya lissafi. A zaure dama doka ce, wakili ba ya yi wa wakili magana kai tsaye, sai ta bakin kakaki. Su biyun nan sai suka ɗauki dokar suka fita da ita har farfajiya. Ta aiko masa cewa za ta raka shi, amma sai ya roƙa a zaure, a gaban kowa.

Ya miƙe kamar mai ciwon baya. "Ya Kakaki, a tambayar mini mai girma wakiliyar tsakiyar birni, ko za ta taimaka ta raka ni gida ranar Asabar."

"Ya Kakaki," in ji Yolanda, ko kai ba ta ɗago daga saƙarta ba, "a tambayar mini mai girma wakilin shanu, wace doka ce ta hana shi tafiya shi kaɗai, kuma wane mai hikima ne ya kawo ta? Na manta."

Sai da ta sa ya faɗi sunansa da bakinsa. Har akawu ya tsaya da karatu ya yi dariya.

A tsohuwar motata muka tafi da sassafe, Wendell a gaba saboda dogayen ƙafafunsa, Yolanda a baya da ulunta. Da yake babu kakaki a motar, ni suka naɗa. Ya ce in gaya mata ta rufe gilashi, ta ce in gaya masa warin takin da ke jikin rigarsa ne ya sa ta buɗe. Mun yi nisa sai kofin da ya ɗirka ya fara aiki, na ratse wurin hutawar matafiya, muka tarar an sa wa banɗakin kwaɗo, ga sanarwa a ƙofa cewa gwamnati a rufe take.

"Marlys, gaya wa mai girma wakili ga zaftarewar da yake nema nan, ta fara aiki."

"Marlys, gaya mata kakanninmu ba su san banɗakin gwamnati ba, kuma sun rayu."

Ya nufi gonar masarar wani da sassarfa. Yolanda ta leƙo ta taga ta ce in sanar da shi cewa doka ta ce duk inda za shi tare za su, amma wannan karon ta yafe.

Da muka isa gonarsa, maƙwabcinsa da ke kula masa da kabewar ya yaye bargon. Kabewa ce da ta kusa kai ƙaramar mota, ruwan ɗorawa, ta zauna ta baje a ƙasa abinta. Yolanda ta kewaye ta tana ƙare mata kallo. Sai ta ɗauki bargon ta duba ɗinkin, ta ce in tambaya wa ya ɗinka. Wendell ya ce Bernice ce, yana kallon ƙasa. Da wuƙar girkin Bernice ya yanke kabewar daga yaɗonta, ya ce daga yanzu kullum raguwa za ta riƙa yi, don ruwan jikinta zai fara tsanewa. Maza shida da motar ɗaga kaya suka ɗora ta a a-kori-kura.

Filin gasar ya cika, ga ƙamshin kofi da soyayyen tuffa, yara suna hawa kan damman ciyawa. Likita Kleppe yana tsaye kusa da tasa kabewar yana wa jama'a tallar haƙoransa. Aka auna tasa aka tafa. Da aka ɗora ta Bernice a sikeli, lambar ta wuce ta Kleppe, ta wuce duk wata lamba da aka taɓa ƙonawa a allon. Wendell ya sake cire hula. Ni kaina sai da na share ido, na ce hayaƙin suya ne.

Sai dai sakatariyar gasar ba ta rubuta komai ba. Ta matso a sanyaye ta ce wannan awon na nishaɗi ne kawai. Tun wata rigima da aka taɓa yi shekarun baya, ƙa'idar gasar ita ce ba a hawa allo sai sufeton awo na jiha ya gwada sikelin da duwatsunsa na awo a ranar, ya manna masa hatimi. Sufeton kuwa, Norbert Haugen, yana cikin waɗanda aka sallama gida. Ga shi can ma kusa da mai kofi, ya zuba hannu a aljihu. Ajinsu ɗaya da Bernice a makaranta, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta.

Wendell ya isa gare shi da dogayen takunsa. "Norbert, ga ka ga sikeli. Aikin minti nawa ne?"

"Duwatsun suna ofis, ofis a kulle. Ko suna hannuna ma, ka fi ni sanin doka, Wendell. Wanda aka sallama in ya taɓa aikin gwamnati, ko kyauta ne, korarsa za a yi, ni kuma saura ƙiris in yi ritaya. Zuwa kawai na yi in gan ta. Ta yi kyau, wallahi."

Abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni takaici. Mutumin nan ya yi shekaru yana ɗaga murya a rage gwamnati, bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗan hatimin da ake mannawa a jikin sikelin garinsu shi ma gwamnati ne ba. Na saci kallon Yolanda, don na san irin wannan dama ba ta wuce ta. Maimakon haka sai ta koma shugabar makaranta, ta tsare sakatariya da tambayoyi har aka samu mafita. Za a ajiye kabewoyin a rumfa, ran da aka buɗe gwamnati Norbert ya zo a sake awo. Amma duk wadda ta tsage kafin nan ta fita daga gasa.

Wendell ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kabewar yana lalube. Na ga fuskarsa ta canza. Akwai wuri kamar tafin hannu da ya fara taushi.

Hanyar dawowa babu wanda ya ba ni saƙo, in ban da Wendell da ya yi ta cewa in taka mota. Muna shiga ya miƙe a zaure, ko takalmin gona bai cire ba, ya ce shi ya sauya ra'ayi, zai goyi bayan kasafin, kuma ya janye buƙatarsa ta karatu, a jefa ƙuri'a yanzu. 'Yan ɓangarensa suka kalli juna. Kakaki ya gyara tabarau ya tuna masa cewa karatun da aka riga aka fara ba ya tsayawa sai kowa da kowa ya yarda. Ya tambaya ko akwai mai ja. Wani matashi daga ɓangaren Wendell, wanda shi Wendell ɗin ya koya wa dokokin majalisa a farkon zuwansa, ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Akawu ya yi ajiyar zuciya ya juya shafi, ko rabi bai kai ba.

Daga ranar akawu ya samu uba. Wendell ne mai dafa masa shayi da zuma, shi ne mai juya masa shafi, in ya tsaya tari ya bubbuga masa baya ya nuna masa layin da ya tsaya da yatsa. Ya nemi a bar shi ya karɓi karatun, aka ce doka ta ce akawu kaɗai. Yolanda ta zazzage jakarta ta fito da alewar maƙogwaro ta ajiye a tebur ba ta kalli kowa ba. 'Yan ɓangaren Wendell suka daina zama da shi wurin cin abinci, wani ma ya ajiye masa ƙaramar kabewa a kujera da fuskar dariya a jikinta. Kowace safiya yakan kira maƙwabcinsa a waya, in ya ajiye ba sai na tambaya ba, na san taushin ya ƙara faɗi.

Wata rana da hantsi Yolanda ta tsaya a bakin ƙofata, Wendell yana zaune a benci kusa. "Marlys, gaya wa mai girma wakili, mutane sun yi makonni a gida babu albashi bai motsa ba, sai da aka taɓa kabewa."

Maganar da ke cikina ke nan, ni da wake da burodi suka zama abincina tun da aka fara, don haka na juya na maimaita masa ita tas, har da ƙari. Na zaci zai yi tsawa. Ya daɗe yana juya hularsa.

"Gaya mata gaskiyarta ne."

Ran da akawu ya kai bangon ƙarshe muryarsa ta koma kamar ta agwagwa. Aka buɗe allon ƙuri'a, fitilu suka kama, kore da ja. Ta Wendell ce ta fara kamawa, kore. Kasafi ya wuce da ƙuri'a biyu, gwamna ya sa hannu da yamma, ni kuma na murza makulli na matsa gefe don kada a tattake ni. Masu girma suka fita a guje da ƙullin wankinsu.

Washegari da safe Norbert ya koma ofis ya ɗauko duwatsunsa. Wendell ya roƙe ni in kai shi Ostby. Da muka isa wurin motar, Yolanda tana jingine da ita da jakar ulunta, na buɗe mata baya kamar yadda muka saba. Muka kama hanya.

Tun daga bakin rumfa warin ya tarye mu. Kabewar ta dare daga ƙasa har gefe, ta zube a kan katakon da aka ɗora ta, ruwa ya malale a siminti. Maƙwabcin ya ce jiya da yamma lafiya lau ya bar ta. Norbert yana tsaye kusa da sikeli, ya riga ya manna hatimi, ya rasa inda zai sa idonsa. Kleppe, wanda tasa ke nan garau, ya yi gyaran murya ya ce ai kowa ya ga lambar ranar Asabar, shi bai ƙi a ƙona sunan Bernice ba. Wendell ya girgiza kai ya ce Bernice ba ta taɓa karɓar ragi a wurin Kleppe ba, ba kuma zai karɓar mata ba.

Ya zauna a kan damin ciyawa, bargon a cinyarsa. "Da tun ranar farko na danna koren nan, da yanzu tana kan allo," in ji shi. Ba da kowa yake ba. Ni da na yi makonni ina jiran ranar da zan ga tsohon nan ya sha ƙasa, sai na ji ba na son ganin.

Yolanda ta miƙo mini jakar ulunta. Ta naɗe hannun rigarta ta zuwa majalisa har gwiwar hannu, ta durƙusa a cikin ruwan nan mai wari, ta zura hannu cikin tsagar ta damƙo iri cike da tafinta, farare manya-manya.

"Wendell," ta ce. "Waɗannan ba su lalace ba. Yaya ake yi, wankewa ake fara yi ko shanyawa?"

Ya ɗago ya kalle ni, yana jiran in isar masa da saƙon. Na ce ni aikina ya ƙare tun jiya da na buɗe ƙofa. Sai da maganar ta fita daga bakina na tuna cewa dokar rakiyar ma tun jiya ta mutu, babu abin da ya tilasta wa matar nan shiga motata yau da safe. Ina jin shi ma a lokacin ya tuna, don ya daɗe yana kallonta.

"Wankewa ake fara yi, Yolanda," ya ce. "Da ruwan sanyi. Haka Bernice take yi."

Ya tashi ya shimfiɗa bargon a inda rana ke shigowa, ni kuma na fita neman bokiti.